Matar da Ta Yini Tana Gyaɗa Kai

Ranar Asabar ɗin da 'yata Nevyana za ta fara fita yawo da baƙi, tun da sassafe na wanke motar, na zagaya ta, na sake wanke ta. Matata Totka ta leƙo ta taga ta ce, "Nayden, ka bar fentin nan ya huta. Ba motar za su ci ba."

Ni dai na san abin da ke cina. Ɗanmu na fari yana Sifen yana aikin gini, jikanmu kuwa a waya kawai muka san shi. Nevyana ce ta rage mana a gida, ita ma an samo mata aikin kula da tsofaffi a Jamus. Ta faɗa mini ƙiri-ƙiri: "Baba, sau ɗaya zan gwada. In matar nan ta karɓa, ina nan. In ta ƙi, kafin sanyi ya shigo na tafi. Kada ka ce ban faɗa maka ba."

Matar da take nufi ita ce Madam Anneke, mai kamfanin yawon buɗe ido a ƙasar Holan. Ta zo da wasu baƙinta ta gani da idonta ko yinin da Nevyana ta tsara ya isa a riƙa turo mata mutane. Da safe daji, daga nan gidan tukwane, a ci abincin rana, a ƙare a gidan Kawu Docho mai dafa slivova, barasar da muke yi da 'ya'yan wani itace mai suna sliva. Ni ne direba. Rayuwata duka motar katako na ja a duwatsun yankinmu na Troyan, Turancina bai wuce gaisuwa ba.

Da za mu fita, Totka ta watsa ruwa a bakin ƙofa don al'amarin yarinyar ya gudana kamar ruwan. Nevyana ta taka ta wuce tana dariya. Ni dai na tayar da mota.

A otel muka kwashe su. Madam Anneke doguwa ce mai gajeren gashi fari fat, da takalmin hawa dutse irin na maza. A bayana ta zauna, daidai inda madubi ke nuna mini fuskarta. Muna fita gari Nevyana ta juya ta fara bayani da Turanci, muryarta tar, ko rawa ba ta yi. Na saci kallon madubi.

Matar tana gyaɗa kai, sama da ƙasa.

Ko ɗan goye a ƙauyenmu ya san wannan a'a ce. Mai yarda gefe da gefe yake girgiza kai. Na ce a raina ƙila wata magana ɗaya ce ba ta yi mata ba. Nevyana ta ci gaba, matar ta ci gaba da gyaɗawa. Na leƙa kujerun baya. Wani tsoho mai tumbi da matarsa, da wasu 'yan mata biyu, duk aikin ke nan, a'a, a'a, a'a, har da murmushi.

A daji Nevyana ta kai su inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Kaka ta shigo, ganye ya yi ja da rawaya, rana na ratsowa ta tsakanin itatuwa. Ni da aka haifa a nan ma sai da na tsaya na kalla. Ta tsinko ganyen da muke shayi da shi, ta murza, ta miƙa wa kowa ya sunsuna. Madam ta sunsuna, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai. Na ce to, har ƙamshin dajin Allah bai yi mata ba.

Na ja yarinyar gefe. "Nevi, ba sa so."

"Wa ya faɗa maka, Baba?"

"Ina da ido."

"To ka sa shi a hanya. Komai lafiya lau."

Na san halinta. Tun tana ƙarama in ta faɗi ta gurje gwiwa, cewa take ba zafi.

A gidan tukwane Gwaggo Ganka ta zauna ta juya musu kwano, ta ɗiɗɗiga masa launi daga ƙahon ɓauna, ta ja gashin tsuntsu a kai, zane ya fito kamar jelar ɗawisu. Na zagaya ta bayanta na raɗa mata, "Gwaggo, ki fito da na ɗakin ciki, waɗanda kike ɓoye wa 'yan babban birnin Sofiya. Matar nan ba ta gamsu ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai, Nayden, yau kai za ka koya mini sana'ata? Tafi ka zauna. Dubi fuskarka kamar madarar da ta yini a rana."

Madam ta sayi kwano babba, tana juya shi a hannu tana gyaɗa kai. Na ce tausayin tsohuwa ne ya sa ta saya.

Abincin rana kuwa, wake ne da aka dafa a tukunyar yumɓu tun jiya, da banitsa, wainar fulawa mai cuku, da zafinta cukun na zuba, da kindirmon ɓauna mai kaurin da cokali ke tsayawa a ciki. Ni ko taɓa nawa ban yi ba. Madam ta cinye nata tas, ta suɗe kwanon da burodi, ta kalli Nevyana ta gyaɗa kai har sau nawa. Ban taɓa ganin mutum irin wannan ba: ta cinye, ta suɗe, kuma ta ce a'a. Na fita bayan gida na kira Totka.

"Yarinyar nan ta tafi," na ce. "Shi ke nan, mu biyu muka rage, ni da ke da kaji."

"Ita ta faɗa maka?"

"Ba sai ta faɗa ba."

"Nayden, sha ruwa. Kuma kada ka sa baki a abin da ba a tambaye ka ba."

Gidan Kawu Docho yana can saman tudu, inda kwalta ta ƙare. Tsoho ne tukuf, kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan yana hanya. Bai taɓa saukar baƙin waje ba, da kyar Nevyana ta shawo kansa. Muka same shi a rumfa, wuta na ci a ƙarƙashin tukunyar jan ƙarfe, slivova na ɗiga siriri cikin bokiti. Ya zuba wa kowa a ɗan ƙaramin kofi, ya tura musu cuku da barkonon tsami. Aka kalli juna ido cikin ido aka sha. Ni ruwa na sha, tunda tuƙi na gabana. Tsohon nan mai tumbi ya yi tari har hawaye, aka yi ta dariya.

Daga nan Nevyana ta kwashi baƙi za ta nuna musu gonar sliva a gangare. Madam ta nuna gwiwarta alamar tana ciwo, ta zauna a benci. Muka rage mu uku, ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata.

Kawu Docho ya ɗaga kwalba ya nuna kofinta. Ta kalle shi, ta girgiza kai gefe da gefe.

Wallahi sai da na ji kamar an ɗauke mini gungumen katako daga ƙirji. Tun safe sai yanzu ta ce e!

"Zuba mata, Kawu!" na ce da ƙarfi a kunnensa mai rai. "Zuba! Kai ka cece mu!"

Ya zuba. Ta buɗe ido, ta yi ɗan murmushi, ta kurɓa. Ya sake ɗaga kwalba. Ta girgiza kai da ƙarfi, ta ce, "Ne, ne," wanda ko a yarenmu a'a ne. Na ɗan yi turus. Kawu Docho ya ce, "Bakinta ke jin kunya, kanta ya riga ya amsa. Haka marigayiya matata take." Gaskiyarsa kuwa, wane baƙon kirki ne ke karɓar ƙari bai yi ɗan ƙi da baki ba?

Ta ture kofin gefe. Kawu ya ce, "Ka gani? Wannan ta san abu. Sabuwa ce ba ta so, tsohuwa take nema." Ya shiga ɗaki ya fito da wadda ta shekara da shekaru a ganga, ya zuba a sabon kofi. Ta girgiza kai. Ya ɗauko mai zuma. Ta girgiza. Na ruga da kaina na ɗauko masa wadda ya ajiye don bikin jikarsa. Kafin a jima kofuna sun jeru a gabanta kamar teburin ɗaurin aure, mu biyu muna tsaye a kanta muna washe baki, muna girgiza mata kai don ta san muna tare da ita.

Sai ta buga tebur da tafin hannu har kofuna suka yi tsalle. Ta miƙe, fuskarta ja wur, ta ɗaga murya tana kiran Nevyana.

Yarinyar ta shigo a guje, baƙi na biye da ita. Matar ta yi ta zuba mata magana tana nuna mu. Nevyana ta juyo gare ni.

"Baba, me kuka yi? Ta ce tun ɗazu take ce muku a'a kuna ɗura mata barasa!"

"Wace a'a? Da idona na gani, kai take girgizawa!"

"Shi ne a'arsu, Baba!"

"Shi ne me?"

"A'a! A juye suke yi! Gyaɗawa ce e a wurinsu!"

Ƙila na taɓa jin haka a wurin hira, na ɗauka irin zuƙin direbobi ne. Ƙila ma na sani, tsoro ya share. Madam ta riga ta ɗauki jakarta ta nufi mota, tana ɗan dafa bango. Nevyana ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi, kuma gara a ce kukan ta yi.

Ban san lokacin da na sha gaban matar ba. Na cire hulata. "Nevi, zo ki fassara. Duka, kada ki gyara mini komai."

"Baba, don Allah, ya isa."

"Fassara."

Na faɗa wa matar cewa tun otel nake kallonta a madubi. Na ce a mota ta ce wa 'yata a'a, a bakin ruwa ta ce a'a, ta ce wa kwanon Gwaggo a'a, ta suɗe wake ta ce masa a'a. Na ce ɗana yana Sifen, wannan ce ta rage mini, kuma da na ga e ɗaya tak a yinin nan, na so in riƙe ta da hannu biyu. Laifin nawa ne, ba na yarinyar ba, ba na tsoho ba. In direba ne matsalar, a canza direba.

Nevyana na fassarawa, fuskar matar na sauyawa. Ta yi tambaya, yarinyar ta amsa. Sai matar ta gyaɗa kai a hankali kamar mai gwaji, ta nuna ni. Na dafe ƙirji na nuna mata yadda hakan ke sukata. Dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har sai da ta koma ta zauna a benci, tana share ido da bayan hannu. Mai tumbi ya kama, matarsa ta kama, rumfa ta kaure.

Kawu Docho ya ja rigata. "Me ake wa dariya?"

Na yi masa ihun bayani a kunne. Ya kalli baƙin ɗaya bayan ɗaya da tausayi. "Duk ƙasarsu haka suke? To ta yaya suke aure?"

Da aka fassara wannan, sai da 'yan matan nan biyu suka fita waje don dariya.

Da ƙura ta lafa, Madam ta yi magana mai tsawo, ta ɗauki kofin tsohuwar slivova ta kurɓa da kanta, ba wanda ya sa ta. Nevyana ta rufe baki da hannu.

"Me ta ce?"

"Ta ce daga bazara za ta riƙa turo mutane duk Asabar har ƙarshen kaka. Shekara ɗaya tukuna, daga nan a gani. Ta ce kada a canza direba. Amma kullum kafin mota ta tashi, kai da kanka za ka tsaya ka koya wa baƙi yadda ake e da a'a a ƙasar nan."

Na kalli matar. Tana murmushi, tana gyaɗa mini kai. Na san ma'anarsa yanzu, amma cikina ya ƙi yarda.

"Nevi, ce mata ta riƙe kan nan da hannu biyu kada ya motsa, ta faɗa mini da baki."

Madam Anneke ta ajiye kofi, ta tallafe kanta da hannu biyu, ta kalle ni ido cikin ido. Da yarenmu ta faɗa, kalma ɗaya da ta tsinta a hanya: "Da." Wato e.

Na rungume Kawu Docho har hularsa ta faɗi kusa da wuta, yana zagina.

Bayan mun sauke su a otel, rana ta yi sanyi, muka kamo hanyar gida ni da 'yata. Ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kujera, ta ce, "Saura kaɗan ka kai ni Jamus da hannunka, Baba." Na ce na sani. Muna shiga ƙauye na danna hon, na ƙi ɗagawa, tun daga gada har dandali, kamar masu kai amarya. Karnuka suka ɗauka, mata suka fito ƙofa, Nevyana ta sunkuya tana roƙona in bari. Maƙwabcinmu Minko ya taso daga lambunsa da fartanya a hannu yana ihu.

"Nayden! Wa ya yi aure?"

Na fito da kai ta taga. "Ba kowa! Nevyana ce, ba inda za ta!"