Adireshi na Huɗu

Karo na uku ke nan Auta tana zare kebul daga bayan kwamfuta tana mayarwa, amma saƙon da ke ƙasan allo bai gusa ba: an haɗu da akwatin intanet, ba a samu adireshi ba. Ƙarfe goma da kwata. Sha ɗaya daidai asibitin da ta nemi aikin ɗakin gwaje-gwaje za su yi ganawa da ita, kuma sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa da kwamfuta za a yi, ban da waya. Shekara biyu tana jiran wannan rana. Kwamfutar ma jiya ta aro ta wurin ƙawarta.

Baba, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo, ya tsaya a kanta, hannuwa a baya. A wurinsa cutar kowace na'ura biyu ce, ko ƙura ko taurin kai. Ya hure bakin kebul ɗin, ya ƙwanƙwasa akwatin da ɗan yatsa, har da kara kunne. Fitilun dai suna ta ƙyaftawa kore shar, ko a jikinsu, an tsikari kakkausa.

Ta kira Yaya, wanda ya haɗa akwatin kafin aiki ya kai shi nesa. Sai da ya gama tsokanarta, wai mai shirin gwada jinin mutane ta kasa gwada kebul, sannan ya nutsu. Ya ce akwatin tamkar mai gidan haya ne, duk na'urar da ta shigo sai ya ba ta lambar ɗaki, in ɗakuna sun cika kuwa sai tsayuwa a ƙofa. Can ya ce laifinsa ne. Bara, da maƙwabta suka addabe su, shi ya rage ɗakunan zuwa huɗu, ya kuma manta.

Auta ta ƙirga da yatsu. Wayarta, wayar Baba, talabijin. Ta ce ai uku ne, saura ɗaya. Yaya ya ce to wani ya tare, ya karanto mata lambobin da za ta buga a wayarta ta ga jerin masu ɗakin.

Jerin ya fito. Na huɗun, da sunan da Yaya ya sa masa tun farko, shi ne Umma.

Wata takwas ke nan da rasuwar Umma. Auta ta ce wa Yaya za ta sake kira. Ta ɗaga ido, Baba kuwa ya mayar da nasa kan labule. Shi da bai taɓa yin kuka a gabansu ba, shi da ya raba kayan Umma cikin sati guda yana cewa mai rai shi ke da amfani da zane.

"Bari in cire talabijin, Baba," in ji ta. "Ɗaki ɗaya kawai nake nema."

Baba ya juya. Ya shiga ɗakinsa, ta ji ƙarar durowa. Ya fito da wayar Umma, da murfinta mai tsaga wanda ta ɗaure da roba, da caja a ɗaya hannun. Cajin a cike yake taf. Ashe kullum sai ya sa mata.

"Bar talabijin ɗin," ya ce. "Da tana nan, da tuni ta tashi ta ba ki wuri."

Ya danna maɓallin kashe wayar ya riƙe har allon ya yi baƙi. Sannan, da yake mai sana'a ba ya barin aiki rabi, ya zare wutar akwatin, ya ƙirga goma a fili, ya mayar. Fitilu suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Sha ɗaya saura minti bakwai, saƙon ƙasan allo ya ɓace.

Auta ta share fuska, ta gyara zaman ɗankwalinta. Wata mata mai tabarau ta bayyana a allon, ta tambaya ko ana jinta.

"Ina jin ki," in ji Auta.

A bakin ƙofa Baba yana naɗe igiyar cajar a yatsunsa, a hankali, yadda yake yi in ya gama aiki.