Batirin Yaya Mati

...to yanzu ƙarfe ya halatta ke nan, Yaya Mati? Yanzu da abin ya zo kan ƙirjinka?

Ga ɗiyarka Ramla durƙushe a tsakar gidana, ko tabarma ban ba ta ba. Gero nake aunawa, tiya na hannuna, ina cikawa ina juyewa. Wai ƙafafunka sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Wai ba ka iya kwanciya sai an jingina ka da filo uku. Ni za a ba labarin filo uku? Ni da na yi shekara biyu ina tallabe da ƙanenka, mijina, ina jin numfashin Malam kamar ana jan guga a bakin rijiya—

Likitan nan na Kano da ya duba Malam, ɗan siriri mai tabarau. Ya ga takarda ba ta yi mani amfani, sai ya tambayi sana'ata. Na ce hatsi. Ya ce to Hajiya, 'yan dako biyu za su ɗora buhu a mota, wannan ya ɗaga, wancan bai ɗaga ba, buhu zai hau? Na ce sai dai ya faɗi ya fashe. Ya ce haka zuciyar Malam take, ɓangaren dama da na hagu ba sa matsawa tare, jini ba ya hawa. Za su sa ɗan batir ƙarƙashin fata, nan ƙasan kafaɗa, da siraran wayoyi zuwa cikin zuciya, shi zai riƙa ce masu ku ɗaga — tare. Na gane. Ni da ko sunana sai dai in dangwala yatsa, a zama ɗaya na gane.

Kai fa, mai gemu, mai tulin littattafai? Ka tara dangi a zaure, ka ce ba a mai da bawa ga Ubangijinsa da ƙarfe a ƙirji. A wane shafi ka gani? Limamin unguwa ya ce babu laifi, ka ce ai yaro ne. Ka ce 'yar kasuwa ce ke so a farke maka ɗan'uwa kamar buhu. Ina bayan labule, duk na ji. Malam ya sunkuyar da kai... tun yana yawo ba wando bai taɓa ce maka a'a ba.

Yanzu ga ciwon ya biyo jini ya same ka. Likita ya ce batir, ya ce Alhamis, ya ce kada a wuce. Kai kuma kunya ta shaƙe ka.

"Inna, Baba ya ce ba zai yarda a sa mashi ba sai kin ce a sa," in ji Ramla.

Ashe bakina ya yi daraja. Bakin 'yar kasuwa. To ni ba na sayarwa da araha. A ɗauko ka a keke napep, a shimfiɗe ka a zauren nan, a tara mutanen ranar kaf, ka faɗa da wannan guntun numfashin naka cewa ƙarya ka yi. In tsaya in ji. In ce ban ji ba, ka maimaita.

"Je ki ce mashi ba a binne Musulmi da ƙarfe."

Ni na faɗa. Furucin ya fita, kuma ya yi mani daɗi — har cikin haƙorana. Ba ta yi musu ba. Ta miƙe, ta sa takalmi, ta ce a gafarce ta. Ga ta can a lungu, ina hango ta ta ƙofar zaure, tana tafiya a hankali, a hankali...

Na san tafiyar nan. Tafiyar mai saye ce: ƙafa na gaba, kunne na baya. Shekara talatin ina yin ta a kasuwa, ba wanda ya taɓa bari na kai ƙarshen layi bai ce Hajiya dawo ba. Ita na yi wa Malam. Da aka watse daga zaure na ɗaure kayana, na tafi Batagarawa gidan yayana Ɗanliti, na ce ba ni dawowa sai ya yarda da batir. Kwana biyu, na ce, zai aiko. Na san shi. Kwana uku. Kullum kunnena na kan sallama. Biyar. Ba na komawa, wanda ya fara juyowa shi ya faɗi...

Kwana tara. Aka aiko. In zo in shiga takaba.

Kai ka ce a'a sau ɗaya, Yaya Mati. Sau ɗaya. Ni kuwa kwana tara — a'a, kai ne. Kai ne ka fara. Amma wa ya gyara mashi filo a kwana taran nan? Wa ya ɗaga shi in tari ya taso? Ba kai ba, kana masallaci. Ba ni ba.

Ramla ce. Yarinyar nan. Ba ta taɓa faɗa mani ba, maƙwabta suka faɗa. Yau ma ba ta taya da wannan alherin ba, ga shi a hannunta, abu mai tsada haka, ta ƙi fito da shi.

Ta kusa kwanar da ke fita titin Ƙofar 'Yandaka. Ba ta waiwayo ba. Ko dai ba ciniki take ba? Ko tafiya ce kawai?

Gero na zuba a ƙasa, tiya ta cika tun ɗazu. Kaji sun taru. Bakina a buɗe, sunanta na nan a maƙogwarona, ya ƙi hawa... gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya ƙi.

Alhamis jibi ce.

Na gaji, Malam.