Wa Ya Wanke Safar Hannun?

Shekarar Hasna huɗu tana sayar da tikitin jiragen ruwa na yawon shaƙatawa a wani ofis a Kuala Lumpur. Ranar da wani kamfanin jiragen ruwa na Ingila ya shirya walimar talla a otal, sai ta tafi da mahaifinta, Malam Iro, tsohon malamin makaranta da ya zo ganin likitan ido yake zaune wurinta a unguwar Setapak. Nufinta ya sha iska kawai.

Aka zuba shayi a kofunan tangaran, aka kunna majigi. Ga tsofaffin hotunan Turawa cikin kwat suna rawa, ga masu hidima a jere da farar safar hannu. Baturen da ke bayani ya ce fiye da shekara ɗari ba a taɓa ajiye cokali a teburinsu da hannu tsirara ba, wannan ne gadonsu.

Malam Iro ya miƙe, ya tambaya da Turanci a tsanake: "To, wa yake wanke safar?"

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ubansa, Abdurrahim, ya yi shekara goma sha shida a ɗakin wanki, can ƙasan irin wannan jirgi, tsakanin Legas da Liverpool. Sodar wanki ta cinye masa yatsu har ya rasu bai iya mulmula lomar tuwo ba. Ko sau ɗaya ba a bar shi ya leƙa ɗakin cin abincin da ake nunawa ba. Ya ce a nuna masa hoton mai wanki guda.

Baturen ya yi murmushi, ya ce suna alfahari da duk ma'aikatansu, ya sa aka miƙo wa tsohon hula mai tambarin jirgi. Murmushin nan ya fi komai ƙona wa Malam Iro rai. Ya ajiye hular cikin farantin kek ya fita.

A mota Hasna ta kasa haɗiye fushinta. Ta ce ya kunyata ta gaban manajanta, ita kaɗai ce baƙar fata a ofishin, kuma me ya hana shi faɗa mata labarin kakanta tun a gida?

"Ban san abin da kike sayarwa ke nan ba," in ji shi. "Na ɗauka jirgi ne kawai."



Ran Litinin manajan ya ce ta rubuta wa kamfanin takardar ban haƙuri. Ta zauna ta rubuta, amma tambaya ta yi: suna da sunayen masu wanki a jiragensu na Afirka ta Yamma, kuma a ina ake gani? Ba su amsa ba. Kafin ƙarshen mako aka karɓe harkar kamfanin daga hannunta aka ba wata. Ba ta gaya wa Baba ba. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali kafin aikin ido.