Saura Hannu Guda

"Kashe abin ga, ɗiyata. Ba ni son a gan ni ina tari."

Basiratu ta sauke kamara. Mas'uda ta dafa keken ɗinki tana tari har idonta ya kawo ruwa, sannan ta share baki da gefen zane, ta gyara zaman yadin a ƙarƙashin allura.

"Gwaggo, ko mu bari sai gobe?"

"Gobe ta Allah ta. Jarabawa saura kwana tara."

Shekara uku ke nan da Mas'uda ta zo Filinge daga wani ƙauye can bayan Abala, bayan 'yan bindiga sun kashe mijinta Hamani sun kore shanu. Ba ta da ɗa a raye. Habsa, uwar Basiratu, ita ta roƙa mata ɗakin da ke jikin katangarsu. Tana da shekara arba'in da shida ta shiga makarantar koyon sana'a, ajin ɗinki, ta zauna benci ɗaya da 'yan matan da ta isa haihuwarsu. Ba ta iya karanta lambobin awo ba, sai ta riƙa auna mutum da igiya tana ƙulla ta. Suka yi mata dariya wata biyu, suka gaji suka bari. A shekara ta biyu ɗinkinta ya fi na kowa miƙewa, har makaranta ta ba ta aron keke ta kawo gida.

Ita kuwa Basiratu a Yamai take karatun haɗa fim. Da shekarar ƙarshe ta zo, malaminsu ya ce kowa ya koma gida ya nemo mutum guda wanda ya sake rayuwa daga tushe, ya haɗa fim a kansa. Tun a mota ta gama tsara nata: za a buɗe da hannun Mas'uda a kan yadi, a rufe da ita tsaye tana karɓar takardar shaida. Sai da ta sauka uwarta ta gaya mata akwai ƙari a nonon Mas'uda, ta ɓoye shi shekara guda har ya fashe. Likita ya ce a kai ta Yamai, sannan ya ja Habsa gefe ya ce ko an kai ta, rage zafi kawai za a yi.

"In na ƙare riga, sai mu tahi," in ji Mas'uda. Ba wanda ya iya motsa ta daga nan.

Rigar jarabawa ce, atamfa shuɗiya, mai dogon hannu. Ana saura kwana biyar ƙafafunta suka kumbura. Basiratu ta shigo da hantsi ta tarar da ita zaune gaban keke, ta ɗora ƙafa kan matakin, ta kasa dannawa.

"Kawo in ƙarasa miki, Gwaggo. Na ɗan iya."

"In kin ɗumka mani, sunan wa za a sa ga takarda?"

Mas'uda ta daɗe tana duban ƙafarta kamar ta wani ce.

"Amma taka keke ba ɗumki ba na," ta ce. "Zo ki taka mani. Hannu dai nawa na."

Kujera ɗaya ce, wurin kuma ba ya ɗaukar mutum biyu. Basiratu ta ajiye kamara kan gado, ta durƙusa a ƙasa, ta riƙa danna matakin da tafin hannu. A samanta Mas'uda na jan yadi tana cewa, "Sannu-sannu. Tsaya. To, tahi." Warin gyambon na sauko mata, ta riƙa shan iska ta baki don kada Mas'uda ta gane. Can Mas'uda ta ce, "Hamani bai taɓa ganina da almakashi ba. Da ya gani, dariya za shi yi."

Safiya uku suka yi haka, suka gama wuya da hannu guda. Tana durƙushe sai ya faɗo mata a rai cewa wannan shi ne fim ɗin, ga shi babu mai riƙe kamara. Kunyar tunanin ta hana ta cin tuwo ranar.

Ran Lahadi, ranar kasuwa, amalanken jakai na wucewa bakin ƙofa da buhunan gero, Basiratu ta tarar da Mas'uda kwance.

"Yau ba mu yi. Ninke ta, kada ƙura ta hau."

Ta ninke. Mas'uda ta nemi ruwa, ta kurɓa sau ɗaya ta kau da kai. Basiratu ta leƙa ta kan katanga ta kira uwarta. Habsa ta zo ta zauna ta ɗora kan Mas'uda bisa cinya tana nanata mata kalmar shahada. Kafin azahar rai ya yi halinsa. Maza duk suna kasuwa. Mutum goma sha ɗaya suka kai ta.

Ran addu'ar uku shugabar makarantar ta zo gaisuwa. Ta warware rigar, ta juya cikinta, ta bi ɗinkin da yatsa.

"Aiki ya yi kyau," ta ce. "Sai dai abin da ba a ƙare ba, ba a duba shi. Doka ta."

Da yamma aka aiko aka ɗauke keken.

Basiratu ta kalli duk abin da ta ɗauka. Awa uku: hannu, yadi, ƙeya, tari. Fuskar Mas'uda sau ɗaya ta fito sosai, lokacin da take cewa a kashe. Ta buga wa malaminta waya ta gaya masa. Ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce, "Fim ba ya tsayuwa ba ƙarshe. Je ki ɗauko bikin ba da takardun, mu gani."

Ta tafi. Ta isa da wuri, ana jera kujeru a fili. A ajin da ke maƙwabtaka da na ɗinki, inda ake koyon adon gato, wato kek, wata ɗaliba mai suna Fati na sunkuye kan wani babban gato fari, tana matsa shuɗin kirim tana rubuta sunayen masu fita, daga takardar da aka ba ta tun makon jiya. Basiratu ta tsaya bakin ƙofa ta kunna kamara.

Shugabar ta shigo ta karanta sunayen, ta nuna na Mas'uda.

"Wagga ba ta cikin masu hita."

"Madam, na sani, amma ai..."

"Baƙi za su ga suna ba takarda. Cire."

Fati ta ɗan tsaya. Sannan ta ɗauki wuƙa mai faɗi ta kwashe sunan a hankali, ta goge wuƙar a bakin kwano, ta shafe wurin har ya daidaita. Tsakanin Jamila da Ummul fili ya saura fari, da ɗan shuɗi-shuɗi da bai fita ba.