Batiri a Aljihun Ilu

Duk Bahaushen da ya daɗe a Guangzhou ya san dabarar. Idan uwargida za ta sa turaren wuta, sai maigida ya taka kujera ya kai hannu ga farar na'urar nan ta silin, mai tsala ihu da ta ji hayaƙi, ya saka mata safa ko leda, ko ya zare batirin gaba ɗaya. In ba haka ba, kafin garwashi ya kama masu gadin bene sun cika ƙofa suna ɓaɓatu da yarensu. Ilu, wanda ya yi shekaru a garin yana yi wa 'yan Kantin Kwari dillancin kaya, ya ƙware a wannan aiki har yana alfahari da shi kamar wani ilimi ne. Sabo turken wawa.

Yayarsa Jumai ce ta zo daga Kano, zuwanta na farko, sarin dogayen riguna. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta aurar da shi, kuma har yau Auta take kiransa duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu. Tun tana gida yake cika mata baki a waya: "Yaya, in kin zo sai na sa ki a jirgin ruwa." Ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, sai ta riƙe maganar. Kullum suka dawo daga kasuwar Shisanhang ƙafafunta a kumbure, sai ta ce, "To Auta, jirgin fa?"

Ranar Lahadi ya yi hayar wani ƙaramin jirgin shaƙatawa a Nansha, can bakin teku. Su huɗu ne: shi, da Yaya Jumai, da matarsa Madina, da abokinsa Tankari, ɗan kasuwa daga Maraɗi. Mai jirgin wani dattijon ɗan China ne marar yawan magana. Tun a bakin ruwa ya hango ashana a hannun Tankari, ya kaɗa hannu yana cewa, "Meyo, meyo," wato ba a kunna wuta a jirginsa.

"Ba matsala, laoban," in ji Ilu, yana dafa ƙirji. Laoban shi ne maigida a bakinsu.

Rana ta buɗe da irin zafin nan na garin mai manna riga a jiki. Maza suka zauna a sama ƙarƙashin rumfa, mata suka sauka ɗan ɗakin ƙasa mai iyakwandishan, suka ja labule suka rufe ƙofa don su cire hijabi su sake. Da aka yi nisa da gaɓa, dattijon ya kashe babban inji ya saki anga, ƙarfen nan mai tsayar da jirgi, ya bar janareta yana ruri a bayan jirgi saboda sanyin ɗakin. Ko ganye ba ya motsi, iska ta tsaya cak.

Ɗakin kuwa ƙarnin kifi yake da warin fetur, kuma Yaya Jumai ba ta zama da wari. Duk inda za ta, akwai ɗan kasko da gawayi da kwalbar turare a jakarta. Ba a jima ba Ilu ya jiyo wata ƙara mai huda kunne daga ƙasa, sannan muryar Madina tana kiransa.

Ya leƙa wajen dattijon. Yana can gaba yana gyara igiya, rurin janareta ya toshe masa kunne. Ilu ya yi sallama ya faɗa ɗakin da sauri. Ga hayaƙin turare ya turnuƙe, ga wata 'yar na'ura a bango kusa da gado tana kuka, jar fitila tana walƙiya a jikinta. Ya ɗan yi mamaki da ya gan ta a bango ba a silin ba, da wani rubutu da bai tsaya karantawa ba. Abin da ya fi damunsa kada mai jirgi ya sauko ya yi wa yayarsa tsawa a gaban mutane. Ya murɗe bayanta da babban yatsa, ya zare batiran, ya jefa a aljihun kaftani. Ɗakin ya yi tsit.

"Ka ga ɗan gari!" in ji Yaya Jumai tana dariya. "Madina, mijinki ya zama ɗan China. Allah ya yi maka albarka, Auta."

Ya ji daɗi har cikin ransa. Kafin ya fita ma sai ya ƙara jan 'yar tagar da ke ɗan buɗe, ya rufe ta gam don kada ƙamshin ya kai hancin laoban.

Ya koma sama suka ci gaba da hira da Tankari kan kwantenar da ta maƙale a tasha. Can sai ga Madina ta hauro tana dafa bango, fuskarta ta yi wani iri. Ta kama ƙarfen gefen jirgi ta yi ta kelaya amai.

Tankari ya ƙyalƙyale da dariya. "Hajiya, mal de mer ne, ciwon teku. Mu mutanen tudu ina mu ina ruwa? Ni ma ranar hwarko haka na yi."

"Yaya fa?" Ilu ya tambaya.

"Ta ce kanta na sara mata, jiri take ji. Ta kwanta."

"A bar ta ta huta, ta sha yawon kasuwa."

Abin haushin ke nan. Ilu Bakano ne. Da ƙafarsa ya je jana'izar wasu 'yan gida ɗaya a unguwarsu, waɗanda suka shigar da janareta zaure suka kwanta, ba wanda ya tashi. Ya san ciwon kan, ya san jirin, ya san barcin. Amma a kan ruwa yake, cikin farin jirgi mai kujerun fata, yana ji da kansa, sai ya miƙa wa matarsa ruwan roba ya koma kan zancen kwantena.

La'asar ce ta tayar masa da hankali. Shi da Tankari suka yi alwala suka gyara tsayuwa, sai ya tuna bai ji motsin Yaya ba. Matar da tun yana yaro ita take tashin gida duka salla, ba a taɓa tashinta ba. Ya sauka ya ƙwanƙwasa.

"Yaya, lokaci ya yi."

Shiru. Ya sake bugawa, sannan ya tura ƙofar. Tana kwance a gefe ɗaya kamar mai barcin gajiya, hannu ɗaya ya sauko ƙasa, carbinta ya faɗi kusa da kasko. Ya kira ta, ya girgiza ta, kanta ya langaɓe. Shi kansa sai ya ji ɗakin yana juya masa. Bai san lokacin da ya sungume ta ba, ya hau matakala yana ihun sunan Tankari.

Dattijon ya rugo, ya kashe janareta, ya toshe hanci da rigarsa ya sauka ya bubbuɗe tagogi. Da ya fito, na'urar tana hannunsa, bayanta a buɗe, ba komai a ciki. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Tankari, ya dubi Madina, ya dubi Ilu, sannan ya ajiye ta ya tada inji yana kiran motar asibiti a waya. Ilu ya durƙusa yana yi wa yayarsa fifita da hularsa, yana jin batiran suna bugun cinyarsa duk lokacin da jirgin ya yi tsalle.

A asibiti wata likita ta yi masa bayani a hankali, rabi da Turanci rabi da fassarar waya. Na'urar ba ta hayaƙi ba ce irin ta gidansu. Ta wata iskar guba ce da ke fita daga inji da garwashi, ba ta da wari, ba ta da launi. Rashin iska ya tara hayaƙin janareta a jikin jirgin, gawayi ya ƙara a rufaffen ɗaki. In ta yi kuka, cewa take a fita waje. Likitar ta tambaya ko ba ta yi ƙara ba ne. Ilu ya dafe aljihunsa. Madina tana gefensa, ta sunkuyar da kai. Daga ranar ba ta taɓa ɗaga masa zancen ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Aka yi ta shigar da Yaya Jumai wani ɗaki mai kama da tanki ana ɗura mata iska mai tsabta. Tankari yana zuwa kullum da abinci yana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ilu yana gyaɗa kai, amma ya san sunan tsautsayin, ya san da wane yatsa aka yi shi. Ya canza kaftani, ya mayar da batiran aljihun sabon. Ya kasa zubar da su.

Allah ya tashi kafaɗunta. Ta gane shi, ta gane Madina, ta tuna sunayen 'ya'yanta da lambar shagonta a Kwari. Sai dai abin da aka faɗa mata da safe, kafin azahar ya zube. Likita ta ce wataƙila ya dawo, wataƙila kuma a'a.

Wata rana da hantsi, Madina ta fita ɗebo ruwan zafi, Ilu yana zaune yana ɓare mata lemo. Ta dube shi da murmushin nan nata na tsokana.

"To Auta, jirgin fa? Ko cika baki ne?"

Ya ajiye lemon. Ya ciro batiran ya ɗora a tafin hannunta, ya riƙe hannun da nasa biyu.

"Mun je, Yaya. Abin nan ya yi kuka don ya cece ki, ni na cire masa waɗannan. Ni na rufe tagar. Ni na ce a bar ki ki yi barci. Don Allah ki yafe min."

Ta juya batiran tana kallo, ta ga hawaye na zubo masa, hankalinta ya tashi.

"Subhanallahi, mene ne abin kuka? Na yafe, ko mene ne na yafe. Share fuskarka, kada matarka ta shigo ta gan ka haka."

Ya share. Ta ci lemon, ta yaba zaƙinsa, ta ɗan lumshe ido. Madina ta dawo ta haɗa shayi. Yaya Jumai ta miƙa hannu za ta karɓi kofi, sai ta ga abin da ke tafinta.

"Wa ya ba ni batiri kuma?" Ta miƙa wa Ilu. "Ungo, adana, za su yi amfani. Ni dai ka faɗa min gaskiya, Auta, yaushe za ka kai ni jirgin nan?"