Faifan Mai Buga Takardu

Sarkin Bola bai gaji sarautar kowa ba. Yayarsa ce ta naɗa shi, ranar da ta zo gidansa ta rasa wurin zama a ɗakin baƙi sai kan wata tsohuwar firinta, kuma sunan ya bi shi har wurin aiki. A ɗakin gwajin jini na asibiti yake, shekara ashirin da 'yan kai, mutum mai sanyin hannu da ba a taɓa jin ya fasa ko kwalba ɗaya ba. Amma da zarar an tashi aiki sai ya bi shagunan 'yan gwangwan da ofisoshin da ake kwashe kaya, yana neman tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda farinsu ya dafe kamar haƙorin tsoho. Ya saye, ya wanke, ya gyara, ya jera a kanta. Matarsa ta daɗe da haƙura, sharaɗinta ɗaya ne: kada ta ga waya ko ƙusa a kicin.

Yana da doka guda da yake yi wa duk mai irin wannan sha'awa wa'azi da ita. Ba a jona tsohuwar na'ura da wuta sai an buɗe ta, an duba cikinta, an gwada akwatin wutarta shi kaɗai. Ya faɗi wannan magana ya fi sau ɗari.

Ranar Asabar da safe ya karya dokar da hannunsa.

Wani mutum ne ya kira shi, wai yana kwashe shagon yayansa da ya rasu, mai buga wa jama'a takardu a bakin kotu, akwai tsohon akwati a ƙarƙashin tebur idan yana so. Da Sarkin Bola ya je ya durƙusa ya share ƙurar, sai ya gane ta nan take. Irin na'urar da ya yi shekara shida yana nema ce, da allonta da madannanta, ba abin da ya ɓace. Bai tsaya ciniki ba. Ya rungumo ta zuwa gida, ya tarar matarsa ta fita, gidan tsit. Ya ce a ransa daƙiƙa biyu kawai, ya ga ko fitilarta za ta kama. Fanka ta juya, fitila ta kama, sai ya ji wani abu ya fashe a ciki kamar an taka kwalin magani. Farin hayaƙi ya fito ta baya da wari irin na ruɓaɓɓen kifi. Ya fizge waya, ya tsaya yana kallon akwatin. Daga baya ya samo tsohon zanin gado ya rufe shi, ya buɗe taga.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofa. Mace ce mai kamar shekara talatin da biyar, da jaka a kafaɗa da jan biro maƙale a bakin jakar, ko ba a faɗa ba malamar makaranta ce. Bayan gaisuwa ta ce ita 'yar marigayin ce, baffanta ne ya kwatanta mata gidan.

"Baba, ba rigima ta kawo ni ba," ta ce. "Baffa ya sayar, kai ka saya, ba ruwana da akwatin. Abin da ke cikinsa nake roƙo."

"Me ke ciki, Malama?"

Ta gyara zama a bakin kujera. Ta ce kakarta, mahaifiyar babanta, tun tana ƙarama aka raba ta da danginta, ta girma a hannun wasu. Shekara biyu kafin ta rasu, duk ranar da shago ba mutane, babansu yakan ɗauko ta ya zaunar a benci, tana ba da labari yana bugawa: garin da aka haife ta, sunayen 'yan'uwanta, yadda aka yi aka rabu. Ya sha cewa zai fitar musu a takarda.

"Ya buga wa duk garin nan takardu, nasa ne kawai bai fitar ba," ta ce, ta ɗan yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Da ya sayi sabuwar kwamfuta sai ya tura wannan ƙarƙashin tebur. Na duba sabuwar kaf, babu. To ka ga ba inda ya rage sai nan."

Ta ƙofar da ke buɗe Sarkin Bola yana hango zanin gadon.

"Ba a kunna ta ba dai ko?" ta tambaya. "Wani abokin aikina ya ce kada a kuskura a kunna."

"Irin waɗannan ai ba a yi musu gaggawa," ya ce. "Ki ba ni zuwa Asabar mai zuwa."

Ta yi ta godiya har bakin ƙofa, shi kuwa kowace godiya kamar ana ɗora masa dutse a ƙirji.

Matarsa tana kicin ta ji komai. Ta fito tana goge hannu.

"Baban yara, jiya da na dawo ɗakin nan wari yake kamar an ƙona takalmi."

"Na sani."

"Kuma ka ce mata ba a yi musu gaggawa."

"Ai ban ce ban kunna ba."

"Haka ne, ba ka ce ba," ta ce, ta koma kicin. Da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Makon nan bai ji daɗinsa ba. Ranar Litinin a wurin aiki ya maimaita gwaji ɗaya sau biyu don ya manta ko ya yi, har abokiyar aikinsa ta tambaye shi ko jininsa ne ya hau. Ranar Talata da la'asar ya yi ta maza ya ɗage zanin, ya kwance akwatin. Abin da ya fashe kwandansa ce, wata 'yar aba mai tara wuta a akwatin wutar, ta tsage ta watsa baƙin ruwa. Wannan ba komai ba ne, yana da irinta cike da gwangwani. Abin da ya hana shi sukuni shi ne ko wutar ta yi tsalle ta kai ga faifan ajiya, wani ƙarfe mai nauyi kamar rabin bulo, inda duk rubutun marigayin yake kwance. Ya ciro shi da hannu biyu, ya juya, ya duba allon wayoyin da ke jikinsa da gilashin ƙara girma. Bai ga ƙuna ba. Ya shinshina, ya ji kamar akwai ƙauri, ya sake shinshinawa, ya ji kamar babu. Ya kai wa matarsa ta shinshina, ta ce ita dai warin tsufa take ji.

Ya kira tsohon abokinsa Gajere, mai gyaran rediyo, wanda ya koya masa riƙon dalma. Gajere ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya mai tsawo.

"Kai da kake mana huɗuba? To ji nan. In allon bai ƙone ba, abin tsoro shi ne faifan ya manne don daɗewa. In ka ba shi wuta ka ji shiru, ka kashe, ka riƙe shi a tafi ka murɗa da sauri sau ɗaya. In ya tashi, kada ka tsaya sha'awa, ka kwashe abin da za ka kwasa. Irinsu sukan tashi sau ɗaya ne, kamar mara lafiyan da ya farfaɗo ya yi wasiyya."

"In kuma bai tashi ba fa?"

"Sai ka je ka kalli idon yarinyar mutane ka faɗa mata."

Ya shirya wata na'urar daga cikin nasa, sa'ar waccan, wadda ya tabbatar da lafiyarta, ya jona faifan a jikinta. Ya gwada wutarta da mitar awon wuta sau uku. Ya jona ta da batir don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Ranar Alhamis komai ya kammala, saura ya danna maɓalli, amma ya kasa. Ya ga idan sau ɗaya faifan zai tashi, shi bai san sunan da marigayin ya ba rubutun ba, zai ɓata lokaci yana lalube cikin takardun shekara da shekaru. Dole sai tana wurin. Kuma idan tana wurin, dole ta san abin da ya faru kafin a danna.

Ta zo ranar Asabar ƙarfe goma. Bai bari ta gama zama ba.

"Malama, akwai abin da ban faɗa miki ba. Na kunna ta tun ranar da na kawo ta. Wani abu ya fashe a ciki. Ban sani ba ko ya taɓa rubutun babanki, ko bai taɓa ba. Da kika tambaye ni, kunya ce ta hana ni."

Ta dube shi, ta dubi na'urar da ke buɗe a kan tebur. Ta murza madaurin jakarta.

"Da ka faɗa mini tun ranar, Baba," ta ce a hankali. "Na riga na gaya wa Mama an samu."

Ya jawo mata kujera kusa da allo, ta zauna.

Ya danna maɓalli. Fanka ta juya, rubutu ya fito a allo, amma faifan shiru, sai wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa. Ya kashe. Ya ɗauki faifan, ya yi bisimilla, ya murɗa shi da sauri kamar mai buɗe murfin kwalba. Ya mayar, ya sake dannawa. Gurnanin ya dawo, ya yi kamar zai tsaya, sai kuma ya fara hawa, siririn kuka yana ƙara ƙarfi har ya daidaita. Jerin sunaye ya cika allon, kore a kan baƙi.

"Duba da sauri," ya ce. "Wanne ne?"

Sunayen ɗaruruwa ne, kuma duk a gajarce: ƙorafi, haya, neman aiki, ƙorafi na biyu. Tana bin su da yatsa yana saukar da jerin. Faifan ya yi wani ƙas, ya ci gaba. Sarkin Bola ya ji sautin har cikin haƙoransa.

"Ban gani ba," ta ce. "Ko ya goge?"

"Me yake kiran kakar taki? Ba sunanta ba, abin da shi yake kiranta."

"Tsohuwa. A'a, tsaya. Yakan tsokane ta da Hedimasta, don ta cika ba da umarni."

Ya koma sama. Ga su nan, guda huɗu a jere, HEDI da lamba ɗaya zuwa huɗu. Ya tura ƙaramin faifai a ramin gaba, ya buga umarnin kwafa, yatsunsa suka yi kuskure, ya goge ya sake. Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. A na uku faifan ya yi ƙas sau biyu, ya yi jim, sannan ya wuce. A na huɗu ƙas ɗin bai tsaya ba. Ya yi ta bugawa kamar agogo, kukan ya fara sauka, ya sauka, har ɗakin ya koma ba abin da ake ji sai fanka.

Ya kashe, ya murɗa, ya kunna. Ya sake har sau uku. A karo na huɗu ta ɗora hannu a kan tebur ta ce, "Bar shi haka, Baba."

"Da ban kunna ta ranar nan ba, wataƙila..."

"Wataƙila. Ni ma da na zo na tambaye shi yana da rai, wataƙila. Buɗe mini ukun."

Ya buɗe na farko. Rubutu ne tsaf irin na mai sana'a, ba kuskure ko ɗaya, amma maganar ta tsohuwa ce, har da inda take cewa ɗanta ya daina katse ta. Malamar ta karanta layi biyu a bayyane, ta ci gaba a zuci. Ya jona firinta mai allura, ta kama ƙara kamar ana tsaga itace, shafi na fita ɗaya bayan ɗaya. Shafi talatin da ɗaya suka fito. Sunan garin yana shafi na biyu, sunayen 'yan'uwa biyar suna na shida. Labarin ya yanke ne a shekarar da kakar ta haifi ɗanta na fari, abin da ya biyo baya ya tafi da na huɗun.

Ta haɗa shafukan ta daidaita bakinsu a gwiwa, ta ciro waya ta kira mahaifiyarta. "Mama, zauna tukuna," ta ce. "Kin san ashe Hedimasta 'yan biyu ce?"

Sarkin Bola ya tashi ya ba ta wuri. A baranda ya jingina da bango, sai a lokacin ya lura gefen ƙarfen ya yanke shi a babban yatsa, jini har ya bushe. Matarsa ta leƙo ta ga yatsan, ta koma ciki ta ɗauko auduga da filasta.