Kwalin Keken Lamiley

Duk kwalayen da suka yi ƙaura da su daga Accra sun bar gidan, in ban da guda ɗaya. Na tukwane an bai wa mai sayar da gawayi, na littattafai ruwan sama ya cinye shi a bayan gida. Shi kuwa dogon kwalin da aka ɗauko keken Lamiley a ciki yana nan jingine a lungun da ke tsakanin falo da ɗakin kwana, har igiyarsa an naɗe an rataya masa. Kowace safiya sai Boadu ya goge shi da kafaɗa kafin ya kai banɗaki, kuma kowace safiya sai ya kawar da kai.

Ya san abin da kwalin yake jira. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Kumasi, garin da aka binne cibiyarsa, matarsa Lamiley ba ta yi gardama ba. Ta dai ce wata uku. Kantin maganin da take aiki a Accra ya yarda ya riƙe mata gurbinta na wata uku, kuma a ƙarshen watannin ne za a yi gasar da ta shekara bakwai ba ta yi fashinta ba, wadda ake farawa da iyo, a fito a hau keke, a sauka a ƙarasa da gudu. Idan Kumasi ta ba ta wurin atisaye, za ta zauna. Idan ta hana ta, za ta koma, shi kuma ya riƙa zuwa ƙarshen mako kamar baƙo. Cikin ruwan sanyi ta faɗa masa, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Lamiley ba ta iya barazana ba, abin da za ta yi kawai take faɗa.

Mako shida sun wuce, Kumasi ba ta taimake shi da komai ba. Yana son garinsu, amma gaskiya ɗaya ce, ba a gina shi don mai siririn keke ba. Direban motar haya in ya hango fasinja, mantawa yake da akwai sauran halittu a duniya. Masu keke mai ƙafa uku suna ɓullowa ta inda ko ɓera ba zai bi ba. Inda titi ya yi kyau an gina masa tudu don rage gudu, inda babu tudu akwai rami. Wurin iyon da Boadu ya samo mata a wani otal kuwa, da siffar ƙwayar wake aka yi shi. Hannu goma sha ɗaya take jefawa ta taɓa bango, a tsakiya kuma ga wani ɗan kasuwa tsaye cikin ruwa har ƙugu yana ciniki a waya.

Sai kuma Asabar. A Accra ita ce ranar doguwar tafiya, su ashirin suke jerawa da sassafe su haura tsaunin Aburi. A nan Asabar ta mamata ce, ranar zaman makoki. A ta farko Lamiley ta sha kwana a guje, ta tarar an toshe titi da rumfuna, jama'a sun cika kujeru sanye da baƙi da ja. Ta sauka za ta raɓa ta wuce, wata tsohuwa ta kama hannunta, don ba a ratsa makoki kamar akuya. Haka ta bi layi tana gaisawa daga dama zuwa hagu, da hular kwano da matsattsen wando, takalmin keke yana ƙwas-ƙwas a kwalta. Kafin ta dawo gida ta yi ta'aziyya uku.

"Kilomita sha tara na yi," in ji ta tana cire hula. "Hannun da na gaisa da shi kuwa ya fi ɗari biyu. Boadu, mutanenku ba sa mutuwa ran Talata ne?"

"Suna mutuwa mana. Kukan ne ake ajiyewa sai Asabar."

Ta yi dariya. Amma da yamma ya gan ta durƙushe gaban kwalin, tana duba ko damshi ya taɓa gindinsa.

Akwai wuri ɗaya da ya sani tun ranar farko, ya yi ta kewaye shi. Tafkin Bosomtwe bai fi kilomita talatin da 'yan kai ba, hanyarsa ga hawa ga gangara, ƙauyen mahaifiyarsa kuma a bakin ruwan yake. Abu biyu suka riƙe masa ƙafa. Na farko Kawu Ampofo, yayan mahaifiyarsa, wanda rabonsa da shi shekara tara. Na biyu ƙarfe. Wasu ƙauyukan sun sassauta, har jirgi mai inji suke bari, amma a mashigar su Boadu, muddin tsohon nan yana numfashi, ƙarfe ba ya taɓa ruwan. Lamiley kuwa, shekara huɗu da suka wuce, wata tasi ta buɗe ƙofa a gabanta, ƙashin kafaɗarta ya karye, likitoci suka ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi shida.

Boadu ya yi irin tunanin da tsoro ke sa mutum, ya ce abin da fata ta rufe ai ido ba ya ganinsa. Ya gaya mata za ta cire agogo da zobe da 'yan kunne saboda al'ada. Maganar kafaɗa ya haɗiye ta.

Suka fita Lahadi da safe, lokacin da rabin gari yake coci, ɗaya rabin yana barcin gajiyar makoki. Tana gaba a keke, yana biye a mota a hankali. Da suka bar gari titi ya zama nata ita kaɗai, sai gonakin koko da 'yan awaki. Bayan Kuntanase ta miƙe tsaye a kan feda ta cinye hawan nan da motarsa ma take nishi a kansa. A can sama ta tsaya, ruwan yana shimfiɗe a ƙasa cikin da'irar tsaunuka. Ta juyo ta dube shi ta gilashin mota.

"Mako shida kana ɓoye mini wannan? Allah ya isa tsakanina da kai!"

Fuskarta cike da fara'a ta faɗa. Rabon da ya ga wannan fuskar tun Accra, sai ya ji ƙwalla na neman zubo masa.

Kawu Ampofo yana zaune a gindin wata bishiya yana ɗinkin koma. A gabansa ga falankin itacen da yake kwanciya a kai ya shiga kamun kifi, yana tuƙi da hannu. Bai tashi ba. Ya bar su suka gaishe shi, ya sa aka kawo musu ruwa, sannan ya tambayi abin da ke tafe da su, ko da yake keken ya riga ya ba shi amsa.

"Wannan ne Boadu? Ya yi tumbi," in ji tsohon. "Ke ce 'yar bakin tekun da ya ɗauko? 'Yar masu cin dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye? Ashe kina da kirki, shi ne ba shi da shi. Dokin ƙarfenki nan zai tsaya, ba ya wuce saiwar nan."

"To, Kawu."

Ta cire agogo da 'yan kunne da zobe, ta zuba wa mijinta a tafin hannu. Ta tuɓe rigar keke, saura rigar iyo mai siririn hannu. Nan idon tsohon ya sauka a kan dogon tabon da ke kafaɗarta, mai sawun ɗinki kamar bakin buhu.

"Wannan fa, 'yata?"

"Tsohuwar faɗuwa ce, Kawu," Boadu ya yi caraf ya amsa. "Ƙujewa ce kawai."

Lamiley ta juyo ta dube shi. Ta dubi zoben da ke hannunsa, ta dubi ruwan, ta ɗora yatsa a kan tabon. Ya ga lokacin da ta gane, ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"Ba ƙujewa ba ce, Kawu. Karaya ce. Akwai ƙarfe a ciki, da kusoshi shida, kuma ba ya ciruwa." Ta sunkuya ta ɗauki rigarta. "Ku yi haƙuri, ban yi tunaninsa ba sai yanzu. Ba zan shiga gidan mutane a sace ba."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, na Boadu kuwa ko taku uku bai kai ba. Ya tsaya da zobe a hannu yana ganin kwalin nan a ransa, an kwance igiyarsa, an zura keke a ciki.

"Kawu, ku dube ni," in ji Boadu. "In ba ta samu ruwan nan ba, Accra za ta koma. Tsoro ne ya sa ni."

"Tsoro? Ka zo ka yi wa tafki wayo, ka yi mini wayo, ka yi wa matarka wayo, duk kafin karin kumallo?"

Tsohon ya ajiye koma. Ya dafa bishiya ya miƙe da ƙyar, ya sassauta zanensa, ya juyo musu da ƙugunsa na hagu. Tabo ne a wurin, ya ninka na Lamiley tsawo.

"Shekara biyar ke nan. Mota ce ta kife da mu a hanyar Konongo. Kana tsammani da me nake tafiya, da rake? Ƙarfen da ke nan ya isa a ƙera fartanya." Ya gyara zanen. "Wata huɗu na yi a kwance a asibitin Kumasi. Ka aiko da gaisuwa ta waya, na ji, na gode. Da ka zo da ƙafarka, da ka sani."

Boadu ya sunkuyar da kai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

"To, Kawu, ku yaya kuka yi da ruwan?" Lamiley ta tambaya a hankali.

"Yadda ake yi da manya. Na zo na faɗa masa. Na ce ga ni, ga abin da ya same ni, ban zo da shi don raini ba, in an raba ni da shi gurgu ne ni. Shekara biyar ina shiga, kifi bai guje ni ba." Ya harari Boadu. "Abin da mutum zai iya ajiyewa, ya ajiye. Wanda ba ya ajiyuwa, ya buɗe baki ya faɗa. Kai, je ka cikin gida ka ce a ba ka ƙwai ɗaya. Kada ka fasa shi."

Da ƙwan ya zo, tsohon ya kama hannun Lamiley suka taka har ruwa ya rufe musu idon sawu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya ambaci sunanta da na garinsu, ya taɓa tabon da yatsa, ya sa ta ƙirga kusoshin da bakinta. Sannan ya saki ƙwan a ruwa, ya tura falankinsa ya kwanta a kai.

"Bismillah, 'yar teku. Mu gani ko gishiri ne yake ɗaga ki."

Ta faɗa ruwan. Boadu, wanda ƙauyen mahaifiyarsa yake bakin tafkin nan amma bai taɓa koyon iyo ba, aka bar shi gadin keke. Yana jiyo muryar kawunsa tana nisa a kan ruwa: "Miƙe hannun nan mana! Kina mari ne ko iyo? Na hagun ya fi na daman hankali!" Tun yana rarrabe kanta da falankin har suka zama ɗigo biyu. Sa'a guda da kwata suka yi.

Da ta fito ta karɓi agogo da 'yan kunne. Zoben ta bar shi a tafinsa na ɗan lokaci, tana kallonsa ruwa na ɗiga daga haɓarta.

"Ka sake yi mini irin wannan, kai zan sa a kwali."

"Na tuba."

Ta miƙa masa yatsa ya zura mata. A hanyar dawowa ba ta ce uffan game da Accra ba, haka ran Litinin, haka har Juma'a. Shi ma bai tambaya ba, don wanda aka kama da ƙarya ba ya gaggawar neman albishir.

Ran Lahadi da safe ya fito zai shiga banɗaki, kafaɗarsa ba ta gogi komai ba. Lungun wayam. Ya leƙa falo, keken ma ba ya nan. Ya fita tsakar gida da gudu, ko takalmi babu.

Tana tsaye bayan mota da wuƙar kicin a hannu, keken yana jingine a bango. Ta tsaga kwalin gida uku, ta shimfiɗa biyu a but ɗin motar, tana datse kunnen na ukun don ya zauna daidai.

"Kawu ya ce yau zai ba mu karfasa, ba na son mota ta yi ƙarni," in ji ta ba tare da ta ɗago ba. "Je ka sa takalmi. Ka ɗauko gajeren wando kuma, ya ce ya gaji da jin kunya, yau za ka fara koyon iyo."